KILO TAKWAS A ƘARƘASHIN KUJERA: Shin Ƙaramin Ha'inci Laifi Ne Idan Bai Cuci Kowa Ba?

A wannan fitowa ina so ne mu tattauna wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A cikin jirgin sama ta same ni, ina zaune da jaka a tsakanin ƙafafuna. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya yi ɗan ƙaramin ha'inci, ba a kama shi ba, kuma ba wanda ya ji ko da ƙwarzane a dalilinsa, shin ya yi laifi? In har ya yi, to wa ya yi wa?

Bari in fara da tona wa kaina asiri, tun da Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

'Yata da ke aure a Abuja ce ta haihu, aka ce in je in zauna mata na 'yan makonni. Maigida ya ce sam ba zan bi mota ba, saboda halin da hanyoyinmu suke ciki, ya daure ya saya mini tikitin jirgi. Jirgin da ke zuwa garinmu ƙarami ne, mai farfela biyu, irin wanda bai fi ya ɗauki mutum 50 ba, tafiyar kuma ba ta wuce awa ɗaya. To kun san mu da zuwa gidan mai jego. Na haɗa garin kunu, da kanwa, da yajin jego, da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da kilishi, da turaren wuta, da turamen atamfa biyu. Ana gobe zan tafi kuma maƙwabta suka yi ta sallama, kowace da ɗan ƙullinta: "Ga wannan ki kai wa mai jego, ba yawa." Wa za ki ce wa a'a?

Da muka isa filin jirgi aka ɗora akwatina a sikeli, sai ga shi ya haura abin da aka yarje mini da kilo 8. Yarinyar da ke kanta ta faɗi kuɗin da zan biya, sai da gabana ya faɗi. Na ce mata bari in je in rage. Muka ja gefe ni da autana da ya rako ni, na buɗe akwatin, na kwashe masu nauyin na zuba a babbar leda, na ce ya riƙe ya tsaya can bayan ginshiƙi. Aka sake aunawa, akwati ya yi daidai. Aka ɗaga jakar hannuna, ita ma ba nauyi, aka ba ni takardar shiga. Ina juya baya na karɓi ledar na danna ta cikin jakar hannu, na ja hijabi na rufe. Auta ya dube ni yana dariya ya ce, "Kai Umma, ashe haka kika iya dabara!" Ni ma na yi dariya, har da jin daɗi.

Muka shiga jirgi, bai cika ba. Ma'aikaciyar jirgin ta bi mu tana ƙirgawa, ta je wajen matuƙi ta dawo, sai ta tsaya a kaina ta ce, "Hajiya, don Allah ki taimaka ki koma kujera ta uku daga gaba, ke da waɗannan bayin Allah biyu." Na ce, "Haba 'yata, ai lambar da aka rubuta mini ke nan." Ta ce, "Haka ne Hajiya, matuƙi ne ya ce baya ya yi nauyi, sai an daidaita kafin mu tashi." Na miƙe ina ƙunƙuni, ina jan jaka da ƙyar. Ina zama sai abin ya faɗo mini a rai. Ashe mutumin nan da ke gaba lissafi yake yi da mu! Ashe har inda mutum uku suka zauna yana da tasiri a wurinsa! Ga shi kuma ni da hannuna na ɓoye masa kilo 8, suna nan ƙarƙashin kujera, ba su cikin takardarsa.

Jirgi ya tashi lafiya, ya sauka lafiya, ko girgizar kirki bai yi ba. Mai jego ta sha kununta, jariri ya yi ɓul-ɓul. Ba abin da ya faru. Shi ya sa ma tambayar ta yi mini wuya, domin da wani abu ya faru ai amsar a fili take.

YADDA LISSAFIN YAKE

Daga baya na yi ta neman sanin yadda abin yake, kuma ga abin da na fahimta a taƙaice. Kowane jirgin sama yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, yana kuma da iyakar inda nauyin zai taru. In ya rinjaya baya da yawa, hancin jirgi sai ya yi ta ɗagawa sama har ya fi ƙarfin matuƙi. In ya rinjaya gaba, sai hancin ya ƙi ɗagawa a lokacin da ya kamata. Wadda ta taɓa ɗaukar faranti cike da kofuna ta san wannan, nauyin da za ki iya ɗauka in an baza shi daidai, shi ne zai kifar miki da farantin in ya taru a gefe guda. Saboda haka kafin a tashi ana cika wata takardar lodi, a rubuta nauyin mai, da na kaya, da na fasinjoji, da inda kowanne yake, matuƙi ya duba ya sa hannu. Da ita yake sanin gudun da zai kai kafin ya ɗaga, da yadda zai saita jelar jirgi.

Akwatuna ana auna su a sikeli, amma mu fasinjoji galibi ƙiyasi ake yi mana. Alal misali, a ƙa'idar ƙasashen Turai, a jirgin da ke da kujera 20 zuwa sama ana lissafa namiji a kan kilo 88, mace kilo 70, yaro kilo 35, kuma jakar hannu tana cikin wannan adadi. Kin ga ke nan an gina lissafin ne a kan zaton cewa jakar hannun kowa ba ta wuce ƙa'ida ba, wato a kan gaskiyarmu aka dogara.

Ƙaramin jirgi kuma ba ya da haƙurin babba. Irin manyan jiragen da aka daɗe ana kwasar alhazai da su, kamar Boeing 747, suna iya tashi da nauyin da ya kusa tan 400. Ƙaramin jirgi mai kujera 19 kamar Beechcraft 1900D kuwa, duk da mansa da mutanensa da kayansa, bai kai tan 8 ba. Abin da babba ba zai ji a jikinsa ba, shi zai ji. Akwai ma wani mai farfela da ake kira ATR 72, wanda ta ƙofar baya ake shigarsa, ana rataya masa wani ɗan sandan ƙarfe a ƙarƙashin jela lokacin da fasinjoji ke shiga da fita, don kada nauyi ya taru a baya ya zauna da gindi. Sannan ga zafin ƙasarmu. Iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta tallafar fiffike kamar mai sanyi, don haka a ranar da zafi ya haura digiri 40, kamar yadda yake yi a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, nauyin da jirgi zai iya ɗauka yana iya raguwa. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa wani lokaci a bar akwatunan wasu a ƙasa sai jirgi na gaba, mu kuma mu yi ta faɗa.

ABIN DA YA FARU A CHARLOTTE

Ranar 8 ga Janairu, 2003, wani jirgin kamfanin Air Midwest, ƙirar Beechcraft 1900D, ya tashi daga birnin Charlotte na ƙasar Amurka zai je wani gari da ke kusa, gajeriyar tafiya irin tawa. Fasinja 19 ne a ciki da matuƙa biyu, kuma mace ce kyaftin ɗin, sunanta Katie Leslie, shekarunta 25. Yana barin ƙasa sai hancinsa ya yi ta ɗagawa sama. Matuƙan biyu suka danna iya ƙarfinsu ya ƙi sunkuyawa, ya ƙwace, ya faɗo a jikin wani ginin gyaran jirage, ko minti ɗaya bai yi a sama ba. Duka mutum 21 suka rasu.

Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bi diddigi, sai ta gano abu biyu. Na farko, kwana biyu kafin haɗarin an yi wa jirgin aiki a igiyoyin ƙarfen da ke juya ɗan fiffiken jela, wanda da shi ake ɗaga hanci ko sunkuyar da shi. Bakaniken bai taɓa yin wannan aiki a irin wannan jirgi ba, kuma an tsallake wasu matakai da littafin gyara ya ce a bi, sai aka ɗaure igiyoyin ba daidai ba, ƙarfin sunkuyar da hanci ya ragu da kusan rabi. Na biyu, jirgin ya haura iyakar nauyinsa da kimanin kilo 260, kuma nauyin ya rinjaya baya. Matuƙan sun yi lissafinsu daidai da adadin da aka ba su, kimanin kilo 79 ga kowane fasinja da kilo 11 ga kowane akwati, amma adadin ne ya tsufa, mutane sun ƙara jiki, jakunkuna sun ƙara nauyi. Da aka auna fasinjojin irin waɗannan jirage bayan haɗarin, sai aka ga matsakaicin mutum ya fi ƙiyasin da kusan kilo 9, dole aka ƙara adadin da ake lissafi da shi.

Ki lura da kyau 'yar uwa, ba wanda ya ce wani fasinja a jirgin nan ya yi ha'inci. Abin da nake so ki gani shi ne wannan: bayan gyaran nan jirgin ya yi ta tashi yana sauka lafiya har sau da dama da igiyoyinsa a haka, domin nauyin bai rinjaya baya sosai ba. Haka kuma binciken ya nuna cewa da igiyoyin lafiyarsu ƙalau, da matuƙan sun iya shawo kan nauyin. Kowane kuskure shi kaɗai bai isa ya kashe kowa ba, sai ranar da suka haɗu. In kika raba kilo 260 ga mutum 19, kusan kilo 14 ne ga kowa. Ledata ta wuce rabin haka.

Kada mu ce can ne kawai. A wannan shekarar dai, ranar 25 ga Disamba, 2003, a nan kusa da mu, a Kwatano inda matanmu ke zuwa sarin kaya, wani jirgi ƙirar Boeing 727 da zai je Beirut ya kasa ɗagawa da kyau, ya bugi wani gini a ƙarshen titin jirgi ya faɗa bakin teku, mutum 141 suka rasu. Shi ba ƙaramin jirgi ba ne, amma binciken ya nuna an yi masa lodi fiye da kima, kuma matuƙan ba su san haƙiƙanin nauyin da suke ɗauke da shi ba, balle inda ya taru.

Ba na kawo waɗannan don in tsorata kowa ba ne. Jirgin sama, har da ƙaramin, ya fi hanyar mota aminci nesa ba kusa ba. Amma amincin nan ba daga sama ya faɗo ba, an gina shi ne da ƙananan gaskiyoyi na mutane masu yawa: bakanike, da mai lodi, da mai sikeli, da matuƙi, da ni da ke.

UZURORIN DA NA KAWO WA KAINA

Zuciya ba ta rasa lauya. Uzurin farko da ta kawo mini shi ne, "Kilo 8 a jirgin da ya haura tan goma, me zai yi? Ai sun bar rara." Wannan gaskiya ne, sun bar rara, kuma ba ni da shakka ledata ita kaɗai ba za ta kayar da jirgin ba. Amma mu ɗauki misali daga abin da muka fi sani. Ana girkin biki, tukunyar miya tana kan wuta, mata goma suna kai da kawowa. Kowace ta wuce sai ta ɗan barbaɗa gishiri, tana cewa ɗan wannan me zai yi, kuma ba ta gaya wa uwar girki ba. Da aka zo zubawa miya ba ta ciwuwa. Wace ce ta ɓata ta? In kika tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowace gaskiya za ta faɗa in ta ce nata bai isa ya ɓata tukunya ba. Ga shi kuwa miya ta ɓaci, kuma ba aljani ne ya ɓata ta ba. Ashe ke nan tambayar "nawa shi kaɗai zai cutar?" ba ta isa ta zama ma'auni ba a duk abin da aka yi tarayya a cikinsa. Tambayar da ta dace ita ce, in kowa a jirgin ya yi abin da na yi fa? Mutum 50, kowa da kilo 8 a ɓoye, kilo 400 ke nan da matuƙi bai san da su ba.

A nan ne na ga wani abu da ya ƙara ba ni kunya. Dabarata ta yi aiki ne kawai saboda sauran ba su yi ta ba. Matar da ke kusa da ni, wadda wataƙila ta biya kuɗin ƙarin kayanta ko ta bar su a gida, gaskiyarta ce ta bar gurbin da na cusa ledata. Rarar da aka bari kuma ba tawa ba ce. An bar ta ne don ranar da iska za ta juya, ko inji ɗaya ya tsaya, ko wani bakanike ya yi kuskuren da ba wanda ya sani tukuna. Ta kowa ce, ni kuwa na yanki rabo a ciki ba tare da na tambayi kowa ba.

Uzuri na biyu ya fi ƙarfi, kuma na san da yawanku shi za ku kawo: "Kuɗi kawai kamfanin ke nema. Su da ke ajiye mu awa biyar ba bayani, su soke tafiya ba ko ban haƙuri, su bar mana kaya a ƙasa, su ne za a yi wa gaskiya?" Ban musa ba, fasinjan gajerun hanyoyi a ƙasar nan yana shan wahala, kuma akwai neman riba a cikin kuɗin ƙarin kaya. Amma da na zauna na warware abin, sai na ga magana biyu ce na cakuɗa. Akwai maganar kuɗi, akwai maganar sani. Da na tsaya a kanta na ce, "'Yata, kayan mai jego ne, a duba mini," aka auna, aka rubuta, sannan wanda ke da ikon yafewa ya yafe ko ya rage mini, da ba ni da laifin komai. Kilo 8 ɗin nan dai su ne za su shiga jirgin, amma sun shiga takarda, matuƙi ya san da su, an san inda za a ajiye su. Ashe nauyin ba shi ne laifin ba, ɓoyewar ce. Na sa mutumin da rayuka 50 ke hannunsa ya sa hannu a takardar da na san ba daidai take ba. Kuma in kamfani ya zalunce ni, ramuwar da na yi ba a kansa ta faɗa ba, ta faɗa ne a kan jaririn da na ji yana kuka a kujerar baya da uwarsa, waɗanda ba su ci mini komai ba. Mai ƙorafi a kan kamfani yana da inda zai kai, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja. Can ya kamata fushina ya nufa.

Uzuri na uku shi ne wanda muke rufe kowace magana da shi: "Ai kowa da ranarsa, in ajali bai zo ba ko tan ɗaya kika ɓoye lafiya za a sauka." Babu musulmar da ke jayayya da ƙaddara. Amma ba mu taɓa barin wuƙa a hannun yaro mai rarrafe muka ce kowa da ranarsa ba, ba ma kuma barin rijiya a buɗe a tsakar gida. Mun san sarai cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Ajali ba a hannuna yake ba, amma amsar da zan bayar in aka ce "kayanki ke nan?" a hannuna take, kuma a kanta za a tambaye ni. Tun muna Islamiyya ake ja mana kunne a kan tauye mudu, sai dai kullum 'yan kasuwa muke hangowa, ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa mai saye ma yana iya cutar sikeli ba.

Sai na huɗu, wanda shi ya fi kwantar mini da hankali a farko: "To ai an sauka lafiya." Wannan kuwa sa'a ce, ba shaidar cewa na yi daidai ba. Bakaniken nan na Amurka shi ma jirginsa ya yi ta sauka lafiya bayan ya tsallake matakai, kuma aikinsa bai zama mai kyau a waɗannan kwanaki ba don kawai ba abin da ya faru tukuna. Mata biyu suka bar risho a kunne suka shiga maƙwabta hira, ɗaya ta dawo ta tarar da gobara, ɗaya ta tarar ba komai. Mu mutane ta farkon za mu zarga, amma sakacin nasu ɗaya ne, sa'a ce ta bambanta su. In kuwa sai an yi asara sannan za mu kira abu laifi, to kullum sai bayan jana'iza za mu riƙa gane gaskiya.

TO WA NA YI WA LAIFI?

Yanzu zan iya amsawa. Na yi wa matuƙi, domin na ɓata masa sanin da yake yanke hukunci da shi. Na yi wa fasinjoji, domin na ɗora musu wani ɗan haɗari, komai ƙanƙantarsa, ba da yardarsu ba. Na yi wa yarinyar kanta, wadda ta amince da furfurata ba ta sake duba jakata ba, alhali in aka gano ita za a tuhuma. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne autana. Shekara goma sha ina koya masa kada ya yi ƙarya, kada ya ɗauki abin da ba nasa ba, sai ga shi a cikin minti biyar na tsayar da shi bayan ginshiƙi na koya masa cewa ƙa'ida abar zagayewa ce in ba a ganinka, har ya yaba mini da "dabara". Gobe in ya zama direba, ko bakanike, ko mai auna magani a asibiti, wane darasi zai tuna, na bakina ko na hannuna?

Na san niyyata ba mugunta ba ce. Zumunci ne, da son 'yata, da kunyar maƙwabta. Yawancin irin wannan ha'inci namu na mata daga nan yake fitowa, ba daga kwaɗayi ba. Shi ya sa yake da wuyar ganewa, domin yana zuwa ne sanye da rigar alheri. Wadda ba ta taɓa hawa jirgi ba ma ta san shi: "ɗan matsa mata, ai yarinya ce" a motar haya da ta riga ta cika, ko "saura mutum ɗaya kawai" a bakin kwalekwale. Mutanen Kano ba su manta da kwalekwalen Bagwai ba, wanda ya kife a madatsar ruwan Watari a ƙarshen Nuwamban 2021 da lodin da ya fi ƙarfinsa, aka rasa rayuka fiye da 20, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. Kowane ɗaya da aka ƙara, shi kaɗai bai isa ya kifar da shi ba.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga mai shirin hawa ƙaramin jirgi. Ki tambayi kilo nawa aka yarje miki tun wajen sayen tikiti, domin na ƙananan jirage yakan gaza na manya. Ki auna kayanki tun a gida, ko da sikelin mai sayar da hatsi ne. Abin da ya haura, ko ki biya, ko ki nemi alfarma a fili, ko ki kai tasha a ba direba, garin kunu ba ya lalacewa don ya kwana a hanya. In maƙwabciya ta kawo saƙo bayan kaya sun cika, ki gaya mata gaskiya cikin fara'a, kuma kada ki taɓa karɓar ƙullin da ba ki buɗe kin gani ba. In aka tambaye ki nauyinki, ko aka ce ki hau sikeli, kamar yadda ake yi a jirage 'yan ƙanana sosai, ki faɗi gaskiya, ba wurin rage kilo ba ne don jin kunya. In aka ce ki canza kujera, ki tashi ba gardama, kuma kada ki koma wata da kanki sai kin tambaya.

Ranar da zan dawo gida, 'yata da surukina suka haɗa mini tsaraba, aka ɗora a sikeli, ya sake haurawa, wannan karon da kilo 5. Wallahi sai da hannuna ya kai kan zif ɗin jakar hannu, don sabo. Na daure na buɗe lalita na biya, kuma ba zan ɓoye muku ba, kuɗin sun yi mini ciwo har muka sauka. Da na isa gida na kira auta na zaunar da shi na ce, "Abin da muka yi a filin jirgi ba dabara ba ce, ha'inci ne, kuma ni na sa ka, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai yana murmushi ya ce, "Umma, ai ba komai ya faru ba." Na ce masa zauna da kyau, hirar tana da tsawo.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana a fili da ɓoye, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, amin.